Da Gaske Babu Wurin Zuwa Hutu a Kaduna?

Duk lokacin da hutu ya gabato, na Sallah ne ko dogon hutun makarantu ko na ƙarshen shekara, sai wata tsohuwar gardama ta sake tashi a Facebook da majalisun bakin titi: wai ina magidanci zai kai iyalinsa a Kaduna? Wani ya ce babu ko'ina, garin ma'aikata ne da sojoji, mai son shaƙatawa ya je Rigasa ya hau jirgin ƙasa ya nufi Abuja. Wani ya harzuƙa ya jero hotunan ginin Kajuru da ruwan Matsirga mai kwararowa daga tsauni, ya ce ga wurare nan birjik, ku ne ba ku fita. Na uku kuma ya ce, to ka ɗauki matarka da 'ya'yanka ka kama hanyar mu gani. Daga nan sai a koma zancen tsaro, daga tsaro a faɗa siyasa, a watse ba a amsa tambayar ba.

Kowanne daga cikinsu yana da gaskiyarsa. Matsalar ita ce ba a kan abu ɗaya suke magana ba, kuma in ba a rarrabe ba, haka za a yi ta yi kowace shekara.

Me ake nufi da yawon buɗe ido?

Mun ɗauki abubuwa daban-daban mun zuba a ƙwarya ɗaya mun kira su yawon buɗe ido. Akwai wurin shaƙatawa, inda ake biyan kuɗin shiga, yara su hau lilo, manya su zauna a inuwa su ci tsire. Wanda ya ce Kaduna babu wurin zuwa, galibi irin wannan yake nufi, kuma da wuraren wasan Abuja ko abin da ya gani na Dubai a waya yake auna ta. Akwai wurin tarihi, gini ko ganuwa ko kufai, wanda darajarsa tana cikin abin da ya faru a wurin. Wannan in babu mai ba ka labarinsa, tsohon bango kawai za ka gani ka dawo kana cewa an ɓata maka lokaci. Sannan akwai abin da Allah ya halitta ba hannun mutum ba: dutse, kogi, daji, ruwan da ke kwararowa daga tsauni.

Akwai kuma wani nau'in da ake yawan mantawa, wanda lokaci ne ke yin sa, kamar hawan Sallah a Zariya ko bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu. Ka je Kagoro a watan Maris ka ce ba ka ga komai ba, ai ba laifin Kagoro ba ne.

A nau'in farko, gaskiya Kaduna ba ta da yawa, kuma mai ƙorafi bai yi ƙarya ba. A sauran kuwa, jihohin Arewa kaɗan ne za su ja da ita.

Wurin wa ne, wa ke kula da shi?

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. In mutum ya tarar da wuri a lalace, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne gwamnati ba ta kula. Wace gwamnatin? Gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin hukumar da ke kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari shi ma na tarayya ne, amma wata hukumar daban ce ke riƙe da shi, ta gandayen daji. Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, yana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Lambun Gamji na jiha ne. Fadar Sarkin Zazzau da abin da ya shafi hawa na masarauta ne. Ginin Kajuru da filin folo na Fifth Chukker da ke kusa da madatsar ruwan Kangimi kuwa na masu zaman kansu ne, kasuwanci suke yi, su suke yanka farashinsu, kuma ba a faɗa musu haka kawai sai an nemi izini tukuna.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne, wuri yana hannun wani, hanyar zuwa wurin tana hannun wani, tsaron hanyar kuma yana hannun na uku. Ko da hukumar da ke da wurin ta share ta yi fenti, in gada ta karye a hanya aikinta ya tashi a banza. A ganina wannan rarrabuwar ta fi rashin kuɗi illa, domin babu wata ƙofa guda da baƙo zai ƙwanƙwasa a gaya masa ga abin da ke buɗe yau, ga kuɗin shiga, ga hanyar da za ka bi.

Abin da ke cikin gari

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Turawa ne suka kafa ta a bakin kogin da aka ce yawan kadojinsa ne ya ba ta suna, a ƙasar Gbagyi, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Saboda haka kada mai zuwa ya sa ran ganin ganuwa ko marina mai shekara ɗari biyar. Tarihin da ke cikin garin nan na mulkin mallaka ne da Jamhuriya ta Farko, kuma a wannan fannin babu garin da ya kai shi a Arewa.

In da ni za a tambaya, Gidan Arewa da ke titin Rabah ne farkon inda ya kamata a kai yaro. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kuma a nan sojojin juyin mulki suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu a ranar 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana takardun tarihin Arewa, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya jagorance ta da farko. Akwai ɗakin karatu, akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami, akwai hotuna da kayan da suka shafi rayuwar Sardauna. Sunan Gamji ba ya fita daga bakinmu, muna liƙa hotonsa a shaguna da bayan motoci, amma a tambayi ajin sakandare guda a Tudun Wada ko Kawo su nawa ne suka taɓa taka gidansa, za a ji abin da ba a so. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kuɗin Keke Napep ne kawai tsakaninsu da wurin.

Gidan tarihi na titin Ali Akilu an buɗe shi a 1975, kuma ginin da kansa tarihi ne, domin tsohuwar hedikwatar NPC ce, jam'iyyar su Sardauna. A ciki ake ganin sassaƙe-sassaƙen Nok da kayan sana'o'in gargajiya na ƙabilu daban-daban. Zauren Lugard mai ƙubba, inda majalisun Jihar Arewa suka zauna, yanzu majalisar dokokin jiha ce ke ciki, don haka ba wurin da za a kutsa kai kawai ba ne, amma ko daga waje ya isa kallo.

Lambun Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, yana bakin kogi, kuma shi ne wurin da yawancin 'yan Kaduna suka sani tun suna yara, musamman ranar Sallah da washegari. Mutane da yawa sun ɗauki hoto a kan wata 'yar gadar ƙarfe da ke ciki ba su san mece ce ba. Gadar Lugard ke nan. A Zungeru aka gina ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Wato ta girmi garin da take zaune a cikinsa.

Dandalin Murtala shi ma ya ga manyan taruka. Kaduna ce ta shirya wa Sarauniyar Ingila gagarumin hawa a 1956, nan kuma aka yi hawan FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. Otal ɗin Durbar da aka gina domin baƙin wannan biki ya daɗe a yashe, aka rushe shi a Janairun 2020, maganar ta kai gaban kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan rigimar, darasin ginin ɗaya ne da na sauran wuraren: abin da aka bari babu mai amfani da shi, ba ya daɗewa a tsaye.

Zariya ce rumbun

Mai neman tsohon tarihi ya je tashar Kawo ya shiga motar Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80. Ganuwar birnin ta zube a wurare da dama, ruwan sama ya ci wani ɓangaren, masu gini sun ci wani, amma ƙofofin suna nan da sunayensu: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kibo da sauransu. Kowace da labarin inda hanyarta take kaiwa.

Abin da ya fi kamata a tsaya a kai shi ne tsohon masallacin Juma'a da ke kusa da fada, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19. Da ƙasa da azara aka yi shi, babu siminti babu rodi, amma ya ɗaure bakan gizo da tulluwa ta yadda har yau masu karatun zanen gine-gine daga ƙasashen waje suke nazarinsa. Daga baya an kewaye shi da sabon gini, don haka mai wucewa ta waje ba zai san abin da ke ciki ba. Matashin da yake ganin ginin ƙasa alamar talauci ce, a kai shi ya ɗaga kai ya kalli wannan rufin. Gani ya kori ji.

A bayan gari akwai dutsen Kufena, inda mutane suka zauna tun kafin birnin na yanzu, da Wusasa a gindinsa. A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929 da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, kuma a garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. A Tukur-Tukur akwai kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita. Duk mai karanta Hausar boko yau, har da wannan da kake karantawa, akwai bashin wurin a kansa. A kan hanyar komowa kuma, cikin ƙaramar hukumar Igabi, akwai Turunku, garin da tarihin baka ke dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina.

Duk wannan bai haɗa da hawan Sallah da hawan Bariki da hawan Daushe ba, waɗanda kallonsu kyauta ne.

Kudancin jiha

Hotunan da aka fi yaɗawa daga nan suke fitowa. Ginin Kajuru, mai nisan kimanin kilomita 45 daga Kaduna ta hanyar Kachia, wani Bajamushe ne ya gina shi a kan dutse cikin shekarun 1980, ya kwaikwayi fadojin Turai na zamanin da, da hasumiyoyi da komai. Yana da kyau a ido, amma a san cewa ba tarihinmu ba ne, sha'awar mutum ɗaya ce, kuma ba wurin mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Matsirga kuwa, kusa da Kafanchan, sunansa ya faɗi abin da yake. Ruwa ne ke tsirgowa daga tsayin kusan mita 30, kuma in damina ta yi nisa tun daga nesa ake jin rugugin. Gaba kaɗan ga duwatsun Kagoro, masu sanyi da hazo da safe.

Sai Nok, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jaba, ƙasar mutanen Ham, inda ake noman citta. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan sassaƙe na gasasshen yumɓu. Ba a gane muhimmancinsa ba sai a 1943, lokacin da wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ga wani kan mutum irinsa daga yankin Jama'a, ya fahimci aikin al'umma ɗaya ne. Bincike ya nuna mutanen da suka yi su sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna cikin na farko da suka narka tama suka ƙera ƙarfe a wannan sashe na Afirka. Sunan wannan ƙauyen yana cikin littattafan makarantun duniya. Abin baƙin cikin shi ne an yi shekaru ana tono kayan a ɓoye ana sayar wa dillalai, har da yawa daga cikin mafi kyawunsu suka ƙare a Turai. Manomin da ya sayar da kan yumɓu don ya biya kuɗin asibiti ba zan zage shi ba. Da an nuna masa cewa baƙi za su riƙa zuwa gani suna biya shekara da shekaru, da shi ne zai fara yi wa wurin gadi.

Me ya hana mutane fita?

Tsaro ne kan gaba, kuma masu tallata wuraren nan ba su kyauta ba in suka yi kamar ba su san da shi ba. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari Kajuru, suka kashe mutum biyu, ciki har da wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu aka kwashe wasu, jirgin bai dawo aiki ba sai a Disamban shekarar. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000, ya yi shekaru yana zama maɓoyar 'yan bindiga. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar dabbobi, motoci suka ƙaru a hanyar. Wasu na ganin lokaci ya yi da za a dawo da harkar baƙi, wasu na cewa sulhu da mai bindiga a hannu sai an ga kamun ludayinsa na tsawon lokaci. Ni dai ina tare da na biyun. Direban da ya bi hanyar don neman abinci daban, uban da zai kai yara kallon tsuntsaye daban.

Sai dai kuskure ne a shafa wa jihar gaba ɗaya baƙin fenti. Abin da ya faru a Kamuku ba hujja ba ce ta ƙin zuwa titin Rabah.

Na biyu aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya sa ko zumunci ya ragu, balle yawo. Magidanci mai 'ya'ya shida in ya lissafa kuɗin mota zuwa Kafanchan da dawowa da abinci, zai ga buhun masara ne yake shirin kashewa a yini ɗaya. Ba za a ce masa ba ya son 'ya'yansa ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika son faɗa ba. Tun rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewacinsa, Kirista a kudu. Akwai matashin da aka haifa a Rigasa bai taɓa tunanin Kagoro wurinsa ba ne, akwai wadda ta tashi a Sabon Tasha ba ta taɓa ganin hawan Sallah ba, alhali duk jiharsu ɗaya. Kowa ya rage wa kansa rabin wuraren da zai iya zuwa, sannan ya ce babu wurin zuwa.

Akwai kuma iyayen da ke ƙyamar wuraren shaƙatawa saboda cakuɗuwar samari da 'yan mata da kiɗa da shaye-shaye, musamman a ranakun Sallah. Damuwarsu tana da tushe, kuma masu kula da wuraren ne ya kamata su amsa ta da tsari da sa ido. Wasu kuma suna ɗari-ɗari da gidan tarihi don suna ganin gumaka ne a ciki. Zuwa ganin abin da mutanen da suka bari ba bauta masa ba ne. Alƙur'ani ma a wurare da dama ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Ina ribar talaka a ciki?

Wasu na ɗaukar zancen nan na masu hannu da shuni ne. A tsaya a ƙofar Gamji ranar Sallah a ƙirga masu cin abinci daga taron: mai Keke, mai tsire, mai awara, mai zoɓo da kunun aya, mai balan-balan, mai ɗaukar hoto, mai gadin babura. Babu attajiri ko ɗaya a cikinsu. Matsalarsu ita ce kasuwar ta kwana uku ce sau biyu a shekara. Da makarantu sun mayar da kai ɗalibai ziyara al'ada, kowane zango aji ɗaya, da kasuwar ta zama ta kullum, kuma da matasan da suka karanta tarihi a jami'a suke zaune babu aiki sun sami sana'ar zagayawa da baƙi suna ba su labari da Hausa.

Akwai kuma fargaba ta gaskiya a ɗaya ɓangaren. In aka miƙa wuraren jama'a ga 'yan kasuwa don su gyara, sukan gyaru, amma kuɗin shiga yakan tashi har ɗan unguwar da ya saba shiga ya koma leƙe ta katanga. Duk yarjejeniyar da za a yi, ya kamata a rubuta a ciki cewa ɗalibai da yara suna da rangwame, ko a ware musu rana.

Yaushe, kuma ta wace hanya?

Matsirga na damina ne, daga Agusta zuwa Oktoba, amma a lokacin duwatsun suna da santsi kuma ruwan yana da ƙarfi, kada a bar yaro ya matsa baki. Hawan Kufena da na Kagoro sai da rani, da sassafe kafin rana ta take. Gidan Arewa da gidan tarihi a fi zuwa ranakun aiki, kuma in tawaga ce a sanar da su tun kafin ranar, don a sami wanda zai zagaya da ku. Labarin hanya kuwa, a wurin direbobin tasha ake samunsa: na Kawo in Zariya za a je, na garejin Talbijin in kudu aka nufa, su da suka bi ta jiya. A fita da wuri, a shigo gari kafin magariba.

Wanda bai da halin barin gari, rana ɗaya cikin hutun yara ta ishe shi. Ya fara da titin Rabah da hantsi, ya biya ta titin Ali Akilu, a yi azahar a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, da la'asar a gangara Gamji da kular abinci daga gida. In an zo kan 'yar gadar nan, kafin a ɗauki hoton, ya gaya wa yaran daga Zungeru aka kawo ta.